Watan da Akawu Ya Sari Wutar Lantarki

Maigidana ya rasu wata biyar ke nan, kuma abin da ya fi ɓacewa a gidan shi ne surutu. Kujerarsa tana nan a bakin taga, tabaransa yana cikin aljihun rigar da ya cire ta ƙarshe, amma babu mai yi mini bayanin abin da ban tambaya ba. Masu zuwa gaisuwa kowa sai ya ce mutumin kirki ne, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai da an ɗan zauna, wani zai sunkuyar da kai ya ce, "Kin tuna watan wuta?" Daga nan gaisuwa ta koma dariya. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni da abin ya ci kuɗina in faɗe shi daidai.

Lokacin muna zaune a wata ƙasa da aiki ya kai shi. Akawun sito ne a kamfanin gina hanya, shi ke rubuta buhun siminti nawa ya shiga, nawa ya fita, shi ya sa kowa ke ce masa Akawu. Ƙasar zafi ce, zafi mai gumi, ka fito wanka kana goge jiki kana sake jiƙewa. Mu baƙi ba ma iya barci sai da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan ƙasar kuwa fanka ta ishe su, in suka ga takardar kuɗin wutarmu sai su riƙe baki.

Gidan bene ne mai sashe huɗu, duk mutanenmu ne da neman abinci ya kawo. Mu a ƙasa, Tela a gefenmu. A sama akwai Direba da matarsa Maman Tagwaye, sai Sista, malamar asibiti, ita kaɗai. Kowa da mitarsa a jere a bangon ƙarƙashin matakala. Ranar da mai karanta mita ya kawo takarda ba a dariya a gidan. Direba har ƙwan fitilar banɗaki yake kwancewa ya sa a aljihu in zai fita aiki. Tela kuwa da dutsen gawayi yake guga, yana gumi yana tsine wa kamfanin wuta.

Ni kuma ina da gwangwani. Shekara huɗu ban ga Inna ba, mahaifiyata, ga tsufa, ga idanunta sun fara rauni. Duk wayar da muka yi sai ta ce, "Ki zo tun ina iya ganinki." Tikitin jirgi zuwa da dawowa dubu talatin ne a kuɗin ƙasar. Da kitson da nake yi wa matan unguwa na tara dubu ashirin da shida a gwangwanin madara. Saura huɗu.

Wata Asabar da safe, an kawo takarda jiya, Maigida yana shan shayi yana jujjuya ta. Sai na ga ya ajiye kofi a hankali.

"Uwargida, kawo biro da takarda in nuna miki."

Na kawo. Duk wata masifa da ta taɓa samun gidanmu da wannan maganar ta fara.

Ya nuna mini bayan takardar, inda aka ja layi huɗu. "Me kika gani a nan?"

"Lambobi, da rubutun da ban iya karantawa ba."

"Ni na iya."

Abin da ya sani a yaren ƙasar bai wuce gaisuwa ba, da sunan siminti, da ƙusa, da "ka dawo gobe".

"Duba. Yunit ɗaya zuwa ɗari, uku. Zuwa ɗari uku, biyar. Zuwa ɗari shida, tara. Abin da ya haura haka, goma sha huɗu. Kin san mene ne wannan? Ragi ne. Wanda ya sha wuta kaɗan a rage masa uku cikin ɗari, wanda ya sha da yawa a rage masa goma sha huɗu. Sari ke nan. Shekara tara na yi ina saro sabulu da ashana kafin in shiga ofis, in na ga farashin sari daga nesa nake gane shi. Duk gidan nan muna sayen wuta ne kamar masu sayen sukari a cokali. Mita huɗu, kowa yana biyan hayar mita, kowa ya maƙale a mataki na biyu. In aka kashe uku, kowa ya ja daga tamu, mun zama manyan dillalai."

"To goma sha huɗu cikin ɗari har nawa ne?"

"Ai tarawa ake yi. Uku da biyar da tara da sha huɗu, talatin da ɗaya. Kuma duk ɗari shidan da aka ƙara, wani sha huɗun ya hau. In muka kai dubu huɗu, su za su biya mu. Ban da gyara. Akwai babban mai saye da ba a yi wa gyara?"

"In haka ne, me ya sa 'yan ƙasar ba sa yi?"

"Ba su da kan kasuwa. Ba ki ga ko tayi ba su iya ba?"

Daga nan idonsa ya tafi kan kabad ɗin da gwangwanina yake.

Na ce, "Maigida, kar ka soma."

"Dubu uku kacal, na sayen waya da soket. Ba aro ba ne, jari ne. Ƙarshen wata in mayar miki, in cika miki huɗun da suka rage, har da kuɗin tsaraba. Ki gaya wa Inna ta fara share ɗaki."

Maganar share ɗakin ce ta kashe mini jiki. Na ƙirga masa dubu uku da hannuna.

Da yamma ya tara mutanen gida a tsakar gida. Ya ce kowa ya kashe babban makunninsa, shi zai ja masa waya daga mitarmu, kowa ya biya shi rabin abin da ya saba biya, ya sha wuta yadda ya so.

Direba ya ce, "Yadda na so? Ko esi ya kwana?"

"Ya kwana, ya wuni, ya sake kwana."

Tela ya ce, "Akawu, maimaita, kunnena ɗaya ba ya ji sosai."

Sista ta karɓi takardar ta duba bayanta. Ita ce kaɗai a cikinmu da ta iya yaren da gaske, da shi take aiki a asibiti. Ta ce, "Kawu, wannan ba ragi ba ne. Farashin kowane yunit ne. Yana hawa ne, ba sauka ba."

"'Yar nan, ke allura kika karanta, ni kasuwa na karanta. A wace kasuwar duniya kika ga buhu ya fi mudu tsada?"

"Wannan ba kasuwa ba ce, kamfanin wuta ne."

"Suna sayarwa ko suna rabawa sadaka?"

"Sayarwa suke yi."

"To kasuwa ce. Na taɓa zuwa asibitinku na ce miki ga inda za ki soka allura?"

"Makon jiya ma ka yi, Kawu."

Aka yi dariya, amma Direba da Tela sun riga sun ji kalmar "rabi", kunnensu ya toshe. Sista ta ce ita a bar mata mitarta. Maigida ya ce babu komai, ranar da ta gaji da asara ƙofa a buɗe take, sai dai lokacin farashi ya canza.

Sai ya tuna wani abu. Ya ce mini a kunne, mutane in suka ga riba sai su ce da su aka yi. Ya zauna ya rubuta takardar yarjejeniya kwafi uku da kyakkyawan rubutunsa na ofis: kowa rabi zai biya ba ƙari, abin da ya biyo baya, riba ko akasinta, na Akawu ne shi kaɗai, babu mai zuwa daga baya ya ce a raba. Direba da Tela suka sa hannu. Ya sa Sista ta zama shaida. Ta sa hannu tana kallona kamar mai duba majinyaci.

Washegari gidan ya koma kamar saƙar gizo. Waya ta fita ta tagar ɗakinmu ta shiga shagon Tela. Wata ta bi matakala ta haye sama. Wata ta ratsa tsakar gida daidai wuyan mutum. Ranar farko ta shaƙe Direba, ya ce ba komai, shi ne bai duba ba. Mutumin da in ka taka masa takalmi sai an yi shari'a.

Ban san maƙwabtanmu suna da buri ba sai a watan nan. Direba ya mayar da duk ƙwayayen da ya kwance, ya ƙaro biyu. Yana fita aiki ya bar esi a kunne da ƙofa a buɗe, wai matakala ma ta ji sanyi. Tela ya jefar da dutsen gawayi, ya sayo na lantarki guda biyu, ya karɓo kwangilar gugar zannuwan gado daga wani otal. Maman Tagwaye ta karɓo tsohuwar firiza haya ta fara sayar da ƙanƙara. Kafin mako ya zagayo firiza ta zama uku, masu kifi suna layi a ƙofar gida da bokiti.

Na ce, "Maigida, ka ga abin da matar nan take yi?"

"Allah ya yi mata albarka. Ita ce kaɗai ta fahimci tsarin."

Mitarmu irin mai faifai ce. Da can faifan yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Yanzu ba ka ganin baƙin ɗigon da ke jikinsa, sai wani kuka siriri da yake yi. Kafin ya tafi aiki Maigida zai ɗauki kujera 'yar tsugunno ya zauna gabanta yana cewa, "Juya, 'yar albarka." Kwana shida muka haura ɗari shida. Ya sayo lemo ya raba.

Ni ce na shiga uku. Shekara huɗu yana yi mini faɗa in na bar ƙwai a kunne, yanzu ya koma yi mini faɗa in na kashe.

"Wa ya kashe fitilar kicin?"

"Rana ce tsaka, Maigida."

"So kike ki mayar da mu mataki na uku? Kunna. Kuma ki ɗora ruwa a hita."

"Na me?"

"Ya tafasa dai. Ruwan zafi ba ya rasa amfani."

Esi ɗinmu ya kai shi ƙarshen sanyi, muna zaune a falo da bargo, a waje kwalta tana narkewa. Mura ta kama shi. Sista ta kawo masa magani ta ce, "Shekara shida ina aiki a ƙasar nan, Kawu, kai ne na farko da sanyi ya kwantar."

Ya ce ta hanci, "Masu hali ne ke mura a nan."

A mako na biyu fiyus ya fara ƙonewa. Tela na ɗora dutse na biyu, sai ɗif, gida duka ya mutu, Maman Tagwaye ta leƙo daga bene tana cewa ƙanƙararta, ita fa ta biya. Sau biyar Maigida yana canza wayar fiyus. Ran na shida ya dawo daga aiki da ƙusa 'yar inci huɗu a aljihu, ya cusa ta a gurbin. Wuta ba ta sake ɗaukewa ba. Sai dai bangon ya ɗauki zafi har kyanwar gidan ta daina kwanciya a wurin, wayoyin kuma suka yi ɗumi, Maman Tagwaye ta gano shanya ta fi saurin bushewa a kansu. Na ce ina jin ƙaurin roba. Ya shaƙa ya ce shi ƙamshin riba yake ji.

Sai mai askin tsallaken titi ya ji labari. Ɗan ƙasar ne, ba ya jin yarenmu, amma da hannu da yatsu suka daidaita a kan ɗari huɗu. Maigida ya ɗaura waya a ƙarfen tagarmu, ya haye titi da ita har rumfar askin. Ya dawo yana cewa yanzu harkar ta fita ƙasashen waje.

Kwana uku ta yi. Ran na huɗu da hantsi wata babbar mota ɗauke da katifu jibge har sama ta biyo titin. Ina tankaɗe a kicin na ji ƙara, na fito na ga babu taga. Ga ta can tana bin motar a kan kwalta, labulena yana kaɗawa, Maigida yana bin ta da tawul a ƙugu da kumfar sabulu a kunne, yana kiran direban motar da kalmar da ya sani, wato siminti. A tsallake kuma an fizge abin aski daga hannun mai aski, ya bar wani mutum mai taye da rabin kai a aske. Mutumin ya tsallako ya tsaya yana bin wayoyinmu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ciro ɗan littafi ya yi rubutu.

Maigida ya dawo da tagar a kafaɗa yana haki. Ya ga mai tayen, ya ce da ni, "Kin gani? Har ya fara kwafar tsarin. Ba zai gane ba, sirrin yana cikin lissafi." Ya sa aka ƙarasa wa mutumin askin a falonmu, cikin sanyi. Mutumin kuwa sai kallon esi yake yi. Da yamma aka sake ɗaga wayar a kan dogon gora.

Ranar kawo takarda ta faɗo Asabar. Tun Laraba Maigida ya gayyaci abokan aikinsa, har da Foman, shugabansu, wanda ya ce in abin ya yi kyau za a yi shi a gidajen ma'aikata duka. Aka yi hayar kujeru ashirin. Aka sayo lemo, Maman Tagwaye ta sayar masa da ƙanƙara, ba ta rage masa ko sisi ba. Ya sa babbar rigarsa, ya jingina falanki a bango, yana zana matakai huɗu da alli.

Yana cikin bayanin gyara sai motar kamfanin wuta ta tsaya a ƙofa. Mai karanta mita ya fito, sai wata mata da fayil, sai wani ƙato da tsani da filaya.

Maigida ya juya ga jama'a. "Kun gani? Ƙaramin mai saye, takarda ake jefa masa ta ƙarƙashin ƙofa. Babba kuwa tawaga ake turo masa. A ba su kujera. Sista, zo ki yi tafinta. Zan iya da kaina, amma don kowa ya ji."

Matar ba ta zauna ba. Ta ɗaga kai ta bi wayoyin da kallo, ta yi magana.

Sista ta ce, "Wai wace masana'anta ce a nan?"

"Ce mata babu masana'anta. Kai ne kawai."

"Ta ce wani ya kai ƙara ofishinsu, kuma sun ga mitar nan ta sha yunit dubu uku a wata ɗaya."

Maigida ya yi tafi, wasu suka taya shi. "Saura dubu ɗaya su fara biyanmu. Ta karanta kuɗin da ƙarfi."

Matar ta karanta. Sista ta juyo ta dube ni.

"Faɗi mana, 'yar nan, kar baƙin ciki ya hana ki."

"Dubu talatin da bakwai da ɗari shida."

Na zauna a kan akwatin lemo. Maigida kuwa ko gezau. Ya ce, "Wannan kafin ragi ne. Ce mata ta cire."

Sista ta faɗa mata. Matar ta ce a maimaita. Aka maimaita, aka nuna mata falankin. Ta dube shi, ta dubi mai karanta mita, shi kuma ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa suna rawa. Sannan ta yi bayani a hankali kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya, Sista tana juyawa. A ƙasar, wuta ba ta isa kowa ba, don haka an sa wa mai sha kaɗan farashi mai sauƙi, mai sha da yawa kuma a tsawwala masa don ya rage. Yunit ɗari na farko uku-uku ne. Duk abin da ya haura ɗari shida, goma sha huɗu-goma sha huɗu. Mun haura tun ranar shida ga wata.

Maigida ya ce, "Tambaye ta, ta taɓa shiga kasuwa?"

"Ta ce kuma akwai tarar dubu biyar, ta raba wuta ba da izini ba."

"To gyara fa?"

"Kawu, wannan ba zan fassara ba."

Ƙaton ya buɗe akwatin fiyus, ya ja baya saboda zafi, ya sa filaya ya zaro ƙusar ya ɗaga ta sama. Ta yi baƙi ƙirin. Nan take esi uku da firiza uku da dutsen guga biyu suka yi shiru tare, har muka ji kukan tsuntsaye. Foman ya taso ya leƙa ƙusar ya ce, "Akawu, wannan ba irin ta sitonmu ba ce?"

"Zan shigar da ita a littafi ranar Litinin, ranka ya daɗe."

Mai karanta mita ya miƙa wa Direba da Tela nasu takardun. Mitocinsu ba su motsa ba, hayar mita kawai, tamanin-tamanin.

Maigida ya gyara murya. "To, 'yan uwa, tunda tare muka sha, sai mu zauna mu raba."

Direba ya sa hannu a aljihun da yake ajiye ƙwai, ya zaro yarjejeniya a ninke. Ashe kullum da ita yake yawo. Ya karanta da ƙarfi har zuwa "riba ko akasinta", ya tsaya ya ce, "Akawu, akasin riba mene ne? Ni ban yi nisa a makaranta ba."

Tela ya ce, "Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba." Yana faɗa yana naɗe waya a gwiwar hannu.

Maman Tagwaye ta leƙo daga bene ta ce wa zai biya ta ƙanƙarar da za ta narke. Kafin baƙi su watse ruwan ya fara gangarowa ta matakala, suka fita suna ɗage wando. Foman ya ɗauki lemonsa ya tafi da shi. Matar ta bar mana kwana bakwai, ta ce in ba a biya ba maganar za ta kai ofishin da ke sabunta wa baƙi takardar zama.

Abin da Maigida ya karɓa a hannun mutane duka dubu ɗaya da ɗari shida ne. Ban jira ya tambaya ba. Na ɗauko gwangwani na juye masa a kan tebur, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Sauran ya cika da kuɗin babur ɗinsa da na esi. Ranar da masu saye suka zo cire esi ɗin, na ji shi yana gaya musu likita ne ya hana shi sanyi.

Kwana tara ban yi masa magana ba. Abin da ya fi mini wuya shi ne wayar da na yi wa Inna, don ta riga ta sa an share ɗakin.

Sista ce ta bi maƙwabta ɗaki-ɗaki tana kunyata su. Maman Tagwaye ta kawo dubu huɗu daga ribar ƙanƙara, tana ba ni tana bayanin asarar da ta yi. Tela ya kawo dubu biyu. Direba ya kawo wayar da aka ja masa, a naɗe, wai a sayar, ai tana da daraja.

Maigida kuwa ya nemi aikin Asabar da Lahadi a wurin fasa dutse, yana tsaye a rana yana ƙirga motocin tsakuwa. A ƙafa yake zuwa tasha tunda babu babur. Duk ƙarshen mako sai in ji ƙarar murfin gwangwani daga ɗaki, ya fito yana waƙe-waƙe kamar bai yi komai ba. Ya yi baƙi, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga mutane kuwa cewa yake kamfani ne ya roƙe shi, don babu mai iya ƙirgar sai shi.

Bayan wata takwas na hau jirgi. Na tarar idon Inna ɗaya ya tafi, ɗayan saura kaɗan. Ta kamo fuskata ta jawo har hancinmu ya kusa haɗuwa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce na yi ƙiba. Da yamma surukin nata, Maigida, ya bugo waya, na ji yana gaya mata da gangan ya jinkirta tafiyar, saboda ya yi lissafi tikiti ya fi araha bayan damina. Ta ce Allah ya ƙara basira. Wata biyu na yi a wurinta. Shekarar da ta biyo ɗayan idon ma ya rufe.

Shekara goma sha ɗaya muka ƙara tare bayan nan, ko sau ɗaya bai ce ya yi kuskure ba. Sai a asibiti, kwana biyu kafin ya cika. Ina ba shi ruwa a cokali ya riƙe mini hannu ya ce, "Uwargida, wata takwas ɗin nan na Inna. Da kin je da wuri da ta gan ki da ido biyu. Kin yafe mini?"

Na ce, "Na yafe tun ranar da ka fara zuwa wurin dutse."

Ya lumshe ido, na ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, "Amma lissafin daidai yake. Ƙasar ce a juye."

Na ce, "Haka ne, Maigida." Karo na farko ke nan da na ba shi gaskiya a kan maganar, ya yi murmushi har haƙoransa suka fito.

Wanda duk ya karanta wannan ya yi dariya, ban hana shi ba, ni ma ina rubutawa ina yi ina share hawaye. Abin da nake roƙo shi ne ku taya ni da addu'a. Allah ya jiƙan Akawu, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya amsa da waɗanda ya ƙi amsawa. Allah ya karɓi wahalar da ya sha don ya sada ni da mahaifiyata, ya sa ta a mizaninsa. Ya jiƙan Inna da duk namu da suka riga mu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Ku ce amin.